Bayan an fito gaba a taron farkaswa, me ya riƙe ku?

Ɗan Sabon Tasha:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa na ce bari in kawo shi gabanku. Ni ke riƙe da matasa a majami'armu a Kaduna. A watan Nuwamban da ya wuce mun yi taron farkaswa na kwana uku. Daren ƙarshe, baƙon mai wa'azi ya tsaya a kan Luka 9:23, inda Yesu ya ce mai son binsa ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Bai yi ihu ba, bai yi wa kowa alkawarin mota ko gida ba. Da ya ce duk mai son miƙa ransa ya fito, matasa 34 suka taso, wasu na kuka kamar ransu zai fita. Ni da hannuna na rubuta sunayensu da lambobin wayarsu a wani littafi mai shuɗin bango.

Yau wata huɗu ke nan. Masu zuwa ajin baftisma su shida ne. Jiya na buɗe littafin, na ga sunayen da ko fuskar masu su ban iya tunowa ba, sai gabana ya faɗi. Ku da kuka taɓa fitowa gaba, me ya faru bayan an watse? Me ya riƙe ku, ko me ya sa kuka sulale? Abin da ya same ku da kanku nake so in ji.

Maman Biyu:
Ɗan'uwa, ni sau uku na fito gaba. Na farko ina 'yar shekara goma sha biyar a Kafanchan, na biyu bayan aurena, na uku bayan na yi ɓarin cikina na fari. Kowane karo da gaske nake, hawayen ba na ƙarya ba ne. Amma in na koma gida, halina na nan inda na bar shi. Ni da uwar mijina mun shekara biyu a gida ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma daga bakin ƙofa. Ran Lahadi kuma in ɗaura zanen Zumunta in rera waƙa kamar ba ni ba.

Wata tsohuwa a Zumuntar Mata ce ta gano ni. Ba ta yi boko ba, a ajin yaƙi da jahilci ta koyi karatu, Littafinta kuwa a leda take ƙunshe shi don bangon ya rabu da shi tuni. Ta ce, "'Yata, duk Alhamis za ki raka ni gaida marasa lafiya." Wata shida ina biye da ita, riƙe da kwanon kunu. A gabana ta yi wa wata mata wanka, matar da ciwo ya kwantar har 'ya'yanta na toshe hanci in za su shiga ɗakin. Ba ta taɓa ɗauko mini zancen surukata ba, sai wata rana muna dawowa ta tsaya a gindin mangwaro ta ce, "Kin iya kai wa bare kunu. Ta cikin gidanki fa?" Daren nan na dama kunun gyaɗa na shiga ɗakin Mama na durƙusa. Ko kallona ba ta yi ba. Sai a kwana na huɗu ta miƙo hannu. Ni na yi jinyarta har ta koma ga Ubangiji, kuma a cinyata ta cika.

Ɗan Malumfashi:
Ni na mahaifina zan faɗa, don a kan idona aka yi. Mu Maguzawa ne. Ina ɗan shekara tara Baba ya karɓi bishara, ta bakin wani mai bishara da EMS ta turo ƙauyenmu, wato sashen ikilisiyar ECWA mai aika masu bishara. Mutumin nan gona aka yanka masa, yana noma kamar kowa, yana shan rana kamar kowa. Bai yi wa Baba baftisma ba sai da ya shekara biyu a aji. Ya ce bari damina ta gwada shi tukuna.

Ta kuwa gwada shi. A wurinmu ba a kiran gayya babu giya, Baba kuma ya ce an daina dafa ta a gidansa. Ya kira gayya, aka dama fura, aka tuƙa tuwo, ba wanda ya leƙo, har ƙannensa uwa ɗaya uba ɗaya. Har gobe ina ganinsa tsaye a bakin gona da fartanya a kafaɗa, hantsi ya dubi ludayi, ciyawa na neman shanye dawa. Can sai ga mai bishara da mutum bakwai. Iyakar mazan ikilisiyar ke nan, har da wani tsoho da ba ya iya sunkuyawa, shi aka bar wa raba ruwa. Kwana uku suka yi suna nome gonar. Ranar da aka gama, mai bishara ya buɗe Luka 9:62, maganar wanda ya kama garma yana waiwaye. Baba ya ce wannan kam ba sai an fassara masa ba, duk wanda ya taɓa huɗa da shanu ya san in ka waiga, kunyar ta karkace.

Malam, ba don in ɗora maka laifi ba, amma cikin yaran nan 34, gonar wa aka je?

Mai Keke:
Yaya, ka yi haƙuri, ni ina cikin irin waɗanda kake cigiya. Ba a majami'arku ba, amma labarin ɗaya ne. A Jos na fito gaba, shekarar 2019. Aka rubuta sunana, aka ba ni 'yar takarda mai ayoyi. Keke nake ja, ba nawa ba ne, kullum sai na kai wa mai shi balas, har ran Lahadi. Ajin baftisma kuwa ƙarfe huɗu na yamman Asabar ne, daidai lokacin da fasinja ke fitowa. Na fasa sau ɗaya, na fasa sau biyu, sai kunya ta kama ni, na fara canja hanya in na hango wani ɗan majami'ar. Wallahi da mutum ɗaya ya buga mini waya ya ce "ina ka shiga?" da na dawo a guje. Ba wanda ya kira.

Daga baya na faɗa wani wuri inda kullum wa'azin shuka iri ake yi, ka bayar Allah ya ninka maka. Na kwashi adashin da nake tarawa don in sayi keke nawa na kaina, na kai gaba. Babu abin da ya ninku. Na shekara ina fushi da Allah, ko addu'ar cin abinci ba na yi.

Yanzu wani bakanike da ke gyara mini keke ne muke karanta Markus tare, duk Talata da asuba a garejinsa, a kan wata tsohuwar kujerar mota, kafin yaransa su iso. Mun kai sura takwas. Har yau ba a yi mini baftisma ba, amma ina so. Don Allah kada ka ɗauka duk wanda ya ɓace Yesu ya ƙi.

Ɗan Sabon Tasha:
Ƙanena, maganarka ta soke ni. Namu ajin ma Asabar ne ƙarfe huɗu. Ban taɓa tambayar ko ɗaya daga cikinsu abin da yake yi a wannan lokaci ba.

Mai Masara:
Ni nawa ya sha bamban, kuma gara in faɗa kada a ga kamar wa'azi ba ya aiki shi kaɗai. Ni ba wanda ya bi ni gida. Hatsi nake saye da sayarwa a Saminaka. Kamar yawancinmu a lokacin, mudu biyu gare ni: na saye mai zurfi, na sayarwa wanda aka bubbuge gindinsa ya shige ciki. Ban taɓa lissafa shi cikin zunubi ba, zakkata kuma ba ta taɓa makara ba. Wata Lahadi ta yau da kullum, ba ma taron farkaswa ba, fastonmu ya karanta Amos sura takwas, inda ake ƙaranta mudu a cuci matalauci, ya haɗa da Karin Magana 11:1. Bai kira kowa gaba ba. Ni dai ji na yi kamar ya leƙa buhun da nake ɓoye mudun. Ran Litinin na sa guduma na lotsa shi, na jefa a bola.

Ba zan yi muku ƙarya ba, riba ta ragu, kuma ba ta dawo yadda take ba. Akwai shekarar da sai da na cire yarona daga makarantar kuɗi. Abokan sana'a sun ce na haukace. Abin da na samu shi ne ina iya kallon tsohuwa cikin ido in ta kwance bakin zaninta tana ƙirga mini kuɗin mudu ɗaya.

'Yar Mubi:
Ni 'yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya. Tun ina ƙarama nake jin wa'azin ƙaunar maƙiyi, don ikilisiyarmu tun kafuwarta a Garkida a 1923 an san ta da koyarwar salama. Na haddace Matiyu sura biyar, na ci kyauta da ita a makarantar Lahadi. Sai ranar 29 ga Oktoba 2014, ranar da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, har hedikwatarmu ta Kwarhi ba ta tsira ba. Da ƙafa muka haura duwatsu muka shiga Kamaru, goye da yaro, takalmi ɗaya. Ƙanin mijina bai fito ba.

Da muka iso Jos na daina amsa "amin" in an yi addu'a domin waɗanda suka kore mu. Ina zaune a sujada amma zuciyata dutse. Abin da ya fasa ta ba sabon wa'azi ba ne. Ranar Jibin Ubangiji ce, muna wanke wa juna ƙafa yadda muka saba, sai wadda ta durƙusa gabana da tasa ta zama matar da aka kashe mata miji da ɗa rana ɗaya. Tana goge mini ƙafa da tawul tana addu'a ƙasa-ƙasa, na kasa kunne, ashe waɗancan take roƙa wa tuba. Ban ce na gama gafartawa ba. Akwai safiyar da nake tashi sai na sake daga farko. Watakila shi ya sa ayar da mai wa'azinku ya karanta ta ce kowace rana.

Baba Fasto Mai Ritaya:
'Ya'yana, na karanta duka, wasu wurare sai da na cire tabarau. Ɗana na Sabon Tasha, kada ka raina kiran da aka yi. Maman Biyu ta ce sau uku ta fito ba ta canja ba, ni kuwa na ce huɗar nan uku ce ta sa maganar tsohuwa ta sami wurin shiga. A misalin mai shuka, Ubangiji da kansa ya lissafa ƙasa iri huɗu, ɗaya ce ta ba da amfani, bai kuwa hana shuka ba.

Amma laifin da zan amsa, zan amsa. Shekaru da yawa ni ma kai nake ƙirgawa, don in sami abin rubutawa a rahoton shekara. Ba haka muka taras ba. Muna samari aikin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya taso a farkon shekarun 1960, ya game ƙasar nan. Kafin a fita wa'azi sai an daɗe ana addu'a gida-gida, ana koya wa talakan ikilisiya yadda zai ba da shaida, sannan a fita biyu-biyu. Wanda ya tuba ta bakinka naka ne, kai za ka koma masa mako mai zuwa. Ba a cewa aikin fasto ne. A Matiyu 28 ma almajirai aka ce mu yi, a yi musu baftisma, a koya musu su kiyaye. Koyon kiyayewa kuwa ba ya yiwuwa daga kan bagade, sai an zauna da mutum an ga yadda yake da matarsa da mudunsa.

Ka kuma yi haƙuri da jinkiri. Mutum uku na farko na SIM, ƙungiyar 'yan mishan masu kawo bishara, sun sauka Legas a 1893. Cikin shekara guda Gowans da Kent sun rasu, Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Sai 1902 aka kafa tasha a Patigi, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa sai 1932. Wata huɗu ba komai ba ne. Sai dai kada ka ɗauki 34 kai kaɗai, za su karya ka. Ka dubi 2 Timoti 2:2, ka nemi amintattu ka raba musu. Mai Keke, ɗana, ka gaida mini bakaniken nan, ka ce wani tsoho na sa masa albarka.

Ɗan Sabon Tasha:
Na gode Baba, na gode 'yan'uwa. Daren jiya na zauna da littafin na kira lamba goma sha ɗaya. Huɗu ba su shiga ba. Wata yarinya ashe an kai ta aikatau Abuja tun Kirsimeti, ta ce uwar ɗakinta ba ta barinta fita ran Lahadi, zan haɗa ta da wata 'yar Zumunta da ke can. Wani yaro ya yi shiru a waya, can ya ce, "Yaya, na ɗauka kun manta da ni." Gini yake bi, sai magariba suke tashi. Gobe zan same shi a wurin aikin.

Sauran sunayen zan kai wa dattawa da shugabar Zumunta ran Lahadi, kowa ya ɗauki biyu, mu kuma sake duba lokacin aji. Mai Keke, in ba damuwa, faɗa mini yadda bakaniken nan ya fara ɗauko maka maganar ranar farko, don ban san da me zan buɗe baki gobe ba.