Muryar ɗana tana fashewa, ga wasan makaranta saura mako shida

Uwar Samari:
Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 14, an ba shi babban matsayi a wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa da makarantarsu za ta yi ƙarshen zango. Ransa na kan abin ƙwarai, ni ma ina so in tsaya masa. Sai dai muryarsa ta fara fashewa, in ya dawo daga gwaji a dishe yake dawowa. Suna gwaji sau huɗu a mako, awa biyu-biyu. In sa ya haƙura sai muryar ta zauna, ko akwai yadda za a yi? Sannan in ya nace wannan zai karanta a jami'a, me ake nema?

Mai Koyar da Murya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki cire shi. A wannan shekarun igiyoyin murya biyu da ke cikin maƙogwaro suna ƙara tsawo da kauri, muryar namiji kan sauka da kimanin fararen maɓallai takwas a kan fiyano. Fashewar ba ciwo ba ce, amma dishewar alama ce cewa ana sa shi yana jan waƙa inda muryarsa ba ta kai yanzu ba.

Gyara na farko ba a gida yake ba, a wajen mai kiɗa yake. A zaunar da yaron gaban fiyano a gano sautin da ya fi ƙasa da wanda ya fi sama da yake iya rerawa ba tare da jijiyar wuyansa ta miƙe ba, sai a sauke sautin waƙoƙinsa su shiga tsakanin nan. Kibod na zamani yana da maɓallin yin haka. A sake aunawa duk bayan mako biyu, don muryar da ke canzawa ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Kafin kowane gwaji ya ɗumama murya na minti 10 zuwa 15. Ya fara da rufe baki yana "mmm" a hankali, sai kaɗa leɓe "brrr" daga ƙasa zuwa sama. Bayan nan ya sa tsinken shan lemo cikin kofin ruwa, zurfin santimita 2 ko 3, yana hura sauti ruwan yana ɓulɓula, na minti uku. Wannan yana sa igiyoyin su haɗu ba tare da sun bugi juna da ƙarfi ba. A cikin awa biyun gwajin, kada waƙarsa ta wuce minti 20 a jere ba hutu.

Abin da ke ɓata murya a gida: ihu wajen kallon ƙwallo, yawan gyaran murya, da raɗa in ya dishe (raɗa takura ce, gara ya yi shiru). Alewa mai sanyaya maƙogwaro tana ɓoye zafi ne kawai, sai ya ci gaba da ja bai sani ba. Ya riƙa kurɓar ruwa cikin yini, in hunturu ne ya rufe hanci a hanya, ya yi sirace da ruwan zafi zalla minti biyar da dare. Barci awa 8 zuwa 10. Dishewar da ta wuce mako biyu, ko jin zafi yayin waƙa, sai likitan kunne, hanci da maƙogwaro.

Mai Tsara Wasa:
Malam ya gama da murya. Ƙari ɗaya, Hajiya: tambayi a kan me suke rawa. Tsalle a kan siminti ba takalmi shi ke kawo ciwon ƙwauri da ciwon ƙasan gwiwa ga yaron da ƙashinsa ke girma. Takalmin kambas mai taushin ƙasa ya wadatar. Kuma waƙa daban, rawa daban, sai mako uku na ƙarshe a haɗa su. In an haɗa da wuri numfashi ke yankewa, yaro ya koma matse maƙogwaro. A ba shi makirufo tun a gwaji, kada ya saba da ƙure murya don na bayan zaure su ji.

Ki karɓi jadawalin gwaji a rubuce, ki san babban da ke tare da su da lokacin tashi. Ki riƙe takardar wasan da yamma kina karanta layin abokin wasansa yana amsawa, minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar.

Malamar Adabi:
Batun jami'a. Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, Jami'ar Bayero Kano da Jami'ar Jos duk suna da sashen wasan kwaikwayo. Abin da ya fi kayar da yara shi ne Adabin Turanci: ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Adabin, kuma a JAMB ma sai ya zana Adabin. Don haka in zai shiga aji huɗu na sakandare, ya zaɓi ɓangaren da ake koyar da shi. Wanda ya bi kimiyya zalla sai ya koma neman takardar daga baya.

Uwar Samari:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan ga malamin kiɗansu kan sauke waƙoƙin. Malam, siracen kafin barci ne ko da safe ma?

Mai Koyar da Murya:
Da dare ya isa. Ranar wasa ya ƙara da safe, amma ya bar ruwan ya ɗan huce kada tururin ya ƙone shi.