Bokitin wanke soson folish ko kwamfuresa?

Jama'a, ina neman shawara. Soson folish mai inci 5 da nake goge fentin mota da shi a inji yana toshewa da busasshen man folish bayan fanel biyu (sassan jikin mota, kamar ƙofa ko bonet), sai ya daina cin fenti, ya riƙa zafi. Wajen tsaftacewa, buroshin nailan yana taimaka wa soson ulu, amma yana yayyaga na kumfa. Ruwan zafi kuwa yana sassauta gam ɗin da ke riƙe maƙalar bayan soson (wadda ke manne shi da inji), shi ya sa nake tsoronsa.

To, wanne ya fi dacewa in saya: bokitin nan mai faranti da ake juya soso a kai da inji, ko kwamfuresa mai hura iska? Damuwata da bokitin ita ce jiƙar soso, domin ɗanyen soso yana fallatsa mai. Yaya kuke busar da shi a tsakiyar aiki?