Ta ina ake kama Shakespeare da 'yan SS2?

Malama ta Gangare: Assalamu alaikum malamai. Wasan Shakespeare Antony and Cleopatra ne a gabanmu, yara na karantawa, baki na motsi amma kai fayau. Ta ina ake farawa?

Mai Alli: Da addu'a 😂

Malam na Bukur: Wa'alaikumus salam Malama. Abin da ke kashe darasin nan shi ne a buɗe shafin farko ranar farko a ce wani ya tashi ya karanta. Kafin layi goma ya yi tuntuɓe sau biyar, aji ya ɗauki dariya, shikenan an tsani littafin har ƙarshen zango.

Darasi biyu na farko kar a taɓa littafin. Ki raba allo biyu, Rum a hagu, Masar a dama. Hagu ki sa Octavius Caesar, Lepidus da Octavia. Dama Cleopatra, Charmian da Iras. Antony da Enobarbus a tsakiya, don su ne masu kai da kawowa. Ki ba da labarin baki ɗaya da Hausa kamar tatsuniya, har yaƙin Actium na shekara ta 31 kafin haihuwar Annabi Isa. Kuma tun nan ki raba musu Caesar biyu. Na cikin wasan Octavius ne, Julius an kashe shi tun kafin a fara. Idan ba a faɗa ba, rabin aji za su haɗe su mutum ɗaya.

Sai kuma a kula, wasan kashi biyar ne amma fitowa ta haura 40, kashi na huɗu kaɗai 15 ne, wasu layi kaɗan. Kowace fitowa yaro ya rubuta abu uku a bayan littafin rubutunsa: ina ake, wa ke magana, da wa. Dalili, a WAEC Shakespeare a takarda ta ɗaya yake zuwa, tambaya 20 cikin 50, ana tsakuro layuka a tambayi wa ya faɗa, wa aka faɗa wa. Wanda ya haddace taƙaitaccen labari kawai nan yake zubewa.

Anti ta Unguwar Rogo: A ba su littafin Lamb, wanda ya mai da wasannin Shakespeare labarai masu sauƙi, su fara da shi mana.

Malam na Bukur: Anti, na Lamb wasanni 20 ne, kuma wannan ba ya ciki.

Anti ta Unguwar Rogo: Af, haka ne fa.

Sir na Rikkos: Ni ban yarda da maganar Hausa a aji ba. Da Turanci za su rubuta jarrabawa. Kuma nan Jos ce, akwai Birom, akwai Angas, akwai Ibo a ajin.

Mai Alli: Ranka ya daɗe, wane ɗan Birom ne a Jos ba ya jin Hausa? Wasu sun fi mu.

Sir na Rikkos: Ba ji ake magana ba, sabo ake magana.

Hajiya Mataimakiya: Ku biyun kuna da gaskiya. A darasin minti 40, biyar na farko Hausa, me zai faru a fitowar nan. Ashirin karatu, a raba rawa, kowa da nasa, a tsaye. Goma su maimaita ma'anar da Turancin yau da bakinsu. Biyar na ƙarshe rubutu, Turanci zalla.

Wurin da Hausa ta fi amfani ma shi ne "thou" da "you". Ki ce musu kamar "kai" ne da "ku" na girmamawa: na farko ga na ƙasa ko na jiki, na biyu ga wanda ake ganin girmansa. Nan take suke kamawa. "Hath" da "doth" ba su da wuya. Masu cizon su ne kalmomin da yaro ke ganin ya sani: "still" galibi "kullum" take nufi, "presently" "nan take", "want" kuma "rashi". A manna su a bango.

Malama ta Gangare: Allah ya saka da alheri Hajiya. Fim fa, a nuna musu?

Hajiya Mataimakiya: Bayan an karanta, ba kafin ba, kuma fitowa ɗaya ko biyu. Masu fim suna yanke layuka, yaro sai ya ɗauka babu su.

Mai Alli: A nuna da wace wutar?

Malam na Bukur: Wani abu kuma, a duba bugun da yara ke sayowa. Na jabu sun cika kasuwa, babu lambar layi, babu sharhi a gefe, wani ma shafuka sun ɓace a tsakiya. Aji ɗaya bugu ɗaya, in ba haka ba ka ce layi na 30 kowa ya kalli wani wuri daban.

Sir na Rikkos: Nawa ake sayar da mai kyau yanzu?

Anti ta Unguwar Rogo: Wai taron Asabar ɗin yana nan? Sanyin nan ƙarfe takwas ba za ta yiwu ba.

Shugaban zaure: Ƙarfe goma. Kowa ya zo da kuɗin wata.