Abin da aka tsayar kan dokar kare masu farfaɗiya a makaranta

Wata tattaunawa da iyaye, malamai da ma'aikatan jinya suka yi kan kare ɗalibai masu farfaɗiya ta fi karkata ga dokar da jihar Kentaki ta Amurka ta kafa a 2018, wadda ta wajabta wa makarantu horar da ma'aikata kan farfaɗiya da ajiye rubutaccen tsarin kula da kowane ɗalibi mai ciwon. Jihar Niyu Jazi ta bi sahu a 2020.

Yawancinsu sun ce horon ne ƙashin bayan dokar, kuma da gaskiyarsu. Idan yaro ya faɗi, a kawar da benci da duk abin da zai ji masa rauni, a sa tufa mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe, a duba agogo. Jijjiga ta wuce minti 5, sai asibiti. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki. Miyaunsa ba ya yaɗa ciwon, amma tsoron hakan ne har yanzu ke sa mutanenmu gudu su bar yaro a ƙasa.

Iyaye sun ƙara da cewa a sanar da direban motar makaranta, a kuma sabunta takardar tsarin kula da yaron duk lokacin da likita ya canza magani.