Shawarwari kan takardun zama ga matasan da aka kai Amurka tun suna yara

Abin da aka fi nanatawa a wata hira da aka yi kan wannan batu shi ne kada a rikita DACA da takardar zaman dindindin. DACA, shirin da Shugaba Obama ya kawo a 2012, kariya ce daga kora da izinin aiki, ana sabunta shi duk shekara biyu, shi ke nan.

Fatan yana kan ƙudurin DREAM, wanda tun 2001 ake kai-komo da shi a majalisa. Wanda majalisar wakilai ta amince da shi a 2021 ya tanadi zama na sharaɗi, sannan na dindindin ga wanda ya yi shekara biyu a jami'a ko soja, ko uku yana aiki. A majalisar dattawa ya maƙale.

Don haka aka ce a tara shaida tun yanzu: sakamakon makaranta, katin rigakafi, rasit ɗin haya, takardar haraji. Wata uwa ta ce nata suna cikin gwangwanin biskit, a ganina ta fi mu dabara.

A guji rigima da 'yan sanda, kada a fita daga ƙasar ba izini. Duk wanda ya ce kawo kuɗi ya cika maka fom ɗin dokar da ba a zartar ba, ɗan damfara ne. A nemi lauya.