Hajiyarmu ta haura sittin: me za mu riƙa dubawa kada tsufa ya kwantar da ita?

Maman Ihsan:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin masu sani. Hajiyarmu shekararta 63, haihuwa tara, al'ada ta ɗauke mata da daɗewa. Ba kwance take ba, amma gwiwa na damunta, in za ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango, wani lokaci kuma in ta yi tari fitsari kan ɗan zubo. Mun hana ta kowane aiki, ko tsintsiya ba ma bari ta ɗauka. Me ya kamata a auna mata, me za ta riƙa ci, kuma hutun nan da muka ɗora mata daidai ne? Don Allah a yi min dalla-dalla.

Anti Nas:

Wa alaikumus salam Maman Ihsan, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana.

Ki fara da hawan jini, don shi ne ya fi kwantar da iyayenmu mata, kuma ba ya sallama. Mace na iya yawo da 170 ba ciwon kai ba jiri, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye a ce iska ce ta buge ta. Mu baƙar fata ya fi kama mu da wuri, ya fi kuma yi mana ɓarna a ƙoda da ƙwaƙwalwa.

Ki saya mata na'urar awo ta damtse, ba ta wuyan hannu ba. Ki duba girman ɗamarar: in Hajiya na da kaurin damtse aka matsa mata ƙarama, lambar za ta haura ba gaira ba dalili. Kafin awo, minti 30 ba goro ba shayi. Ta yi fitsari, ta zauna kan kujera mai majingina minti biyar, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba hira. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da dare, kwana bakwai, a rubuta a littafi. A watsar da na ranar farko a duba sauran. In yawanci suna kai 135/85 a gida, wanda ya yi daidai da 140/90 na asibiti, ki kai littafin wurin likita. In kuwa kika ga 180/120 tare da ciwon ƙirji, dishi-dishin gani ko harɗewar harshe, ba a kwana da shi. Haka in baki ya karkace ko hannu ɗaya ya saki: mota kawai za a nema a nufi babban asibiti, a yi addu'ar a hanya, don maganin narkar da gudan jini sa'o'i huɗu da rabi na farko yake da amfani.

Maganin ma ba kowane ke yi mana aiki daidai ba. Binciken CREOLE da aka wallafa a 2019, wanda Farfesa Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida na Afirka, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata. Shi amlodipine yakan kumbura idon sawu, lisinopril kuma yakan kawo busasshen tari mai naci. Duk wanda ya faru a koma a canza, kada a ajiye magani a yi shiru. Kuskuren da ya fi yawa shi ne "jinin ya sauka, na daina sha". Maganin ne ya sauke shi, ana dainawa zai koma inda yake.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce giram 5 a yini, wato cokalin shayi ɗaya a shafe, har da wanda ke ɓoye a cikin abinci. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne, ga yajin da aka daka da shi, ga burodi, ga taliyar leda. Kanwa ma a jiki aikin gishiri take yi; tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar masu jego. Ki rage dunƙule rabi, ki cike gurbin da daddawa, albasa, tafarnuwa da citta. Cikin 'yan makonni harshe ya saba. Zoɓo na ɗan taimakawa in ba a cika masa sukari ba, amma ba ya maye gurbin ƙwaya.

Sukarin jini a auna da safe kafin ta karya. A ma'aunin mg/dL, daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne, 126 zuwa sama a awo biyu ciwon sukari ne. A haɗa da gwajin ƙoda da na fitsari sau ɗaya a shekara.

Malam Habu mai gashin ƙashi:

Hajiya Maman Ihsan, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: hutun nan cutar da ita yake yi. Na san don ƙauna da neman albarka kuka yi, amma naman cinya in ba a more shi ba zagwanyewa yake, ga shi shi ne ke ɗauke wa gwiwa nauyi. Dafa bangon da kika gani alamar raunin cinya ce tun kafin a zo maganar ƙashi.

Ki gwada ta yau. Kujerar katako marar hannu, a jingina ta da bango. Ta rungume hannuwa a ƙirji, ta miƙe tsaye cak ta koma ta zauna, ki ƙirga sau nawa za ta yi cikin daƙiƙa 30. Mace mai shekara 60 zuwa 64 in ta gaza 12, tana cikin masu haɗarin faɗuwa. Ki rubuta lambar, a sake bayan wata biyu.

Gwajin nan shi ne kuma maganin. Tashi da zama sau 8 zuwa 10, a huta minti ɗaya, a sake zagaye na biyu, kwana uku a mako. In da wuya a ɗora matashi a kan kujerar don ta ƙara tsawo, daga baya a cire. Wurin zama ne aka fi kuskure: kada ta saki jiki ta faɗa tim, ta sauka a hankali tana ƙirga uku, nan ƙarfin yake ginuwa. Bayan haka ta riƙe bayan kujera ta ɗaga dunduniya ta tsaya kan yatsu sau 10. Sannan tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 10 kowane ɓangare, hannu kusa da bango. Na hannu kuwa, gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi ta isa, a ɗaga daga cinya zuwa kafaɗa.

Tafiya minti 150 a mako ake so, wato minti 30 sau biyar. Ba dole sai a titi ba. Zagayen tsakar gida minti goma bayan kowane cin abinci ya cika lissafin, yana kuma sauke sukari. Saurin da ake so shi ne wanda za ta iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Ku mayar mata da shararta, da tsince shinkafa, da takawa zuwa Islamiyya ko gidan maƙwabta. Ɗan tsamin jiki washegari ba komai ba ne. Ciwon da ya kumbura gwiwa ta yi zafi, ko ya wuce kwana biyu, shi ne alamar a rage a je a duba.

Banɗaki kuma a gyara shi, don nan aka fi faɗuwa, musamman alwalar asuba cikin duhu a kan tayil mai santsi. A sa ƙarfen dafawa a bango, fitila mai caji a ƙofa, kujerar roba ta wanka da alwala, takalmi mai kama dunduniya maimakon silifas da ya suɗe. In masai na tsuguno ne, akwai kujera mai rami da ake ɗorawa a kai. Karayar ƙugu a wannan shekarun ita ce ke mayar da mai tafiya ta kwanta.

Game da salla, hadisin Imrana ɗan Husaini ya ba da sauƙi: a tsaye, in ba a iya ba a zaune. Sai dai in sujada ce kawai ke ba ta wuya, ta tambayi malamai yadda za ta yi tsayuwarta da ruku'u ta zauna a inda ta gaza, kada ta koma kujera gaba ɗaya alhali ƙafa na iya ɗaukarta.

Abu na ƙarshe, a raba ta da haɗin kemis na ciwon jiki. Yawanci akwai diclofenac ko piroxicam a ciki, wani lokaci har da dexamethasone. Ciwon zai lafa, amma suna ta da hawan jini, suna cin ƙoda, suna huda ciki, na ƙarshen kuma yana ta da sukari yana rarake ƙashi. Farasitamol da man shafawa na gwiwa sun fi aminci kafin a ga likita.

Inna Ungozoma:

'Yata, zancen fitsarin nan kada a bar shi a kan "tsufa ne". Ba irin yoyon fitsarin da doguwar naƙuda ke jawowa ba ne. Naman da ke tallafe mafitsara ne ya saki saboda yawan haihuwa da ɗaukewar al'ada. Mata da yawa saboda shi suke daina zuwa biki da makaranta, suna ta wasiwasin tsarki, su kuma rage shan ruwa, wanda ke jawo ciwon mara da taurin bayan gida, abin ya ƙara lalacewa.

Ta matse gabanta kamar mai riƙe iska a cikin mutane, ba tare da ta ɗaure ciki ko ta riƙe numfashi ba. Daƙiƙa biyar a matse, biyar a sake, sau 10. Sau uku a yini, ta haɗa shi da lazimin asuba, la'asar da isha don kada ta manta. Sai an yi wata uku ake ganin canji sosai. Kada ta riƙa gwadawa lokacin da take fitsari. In tana jin wani abu na saukowa ta gaba kamar ƙwallo, mahaifa ce ta zazzago, akwai zoben roba da likitan mata ke sawa ya tallafe ta, ba kullum sai tiyata ba.

Wanda ba na so ki manta: duk jinin da mace ta gani bayan ta shekara cur ba al'ada, ko ɗigo ɗaya ne, ba al'ada ce ta dawo ba. Sau da yawa ba wani mugun abu ba ne, amma ta haka sankarar mahaifa da ta bakin mahaifa ke fara nuna kansu. A yi hoton ciki a duba bakin mahaifa. In ba a taɓa yi mata gwajin bakin mahaifa ba, shekarunta ba su wuce ba. Mama kuma ta riƙa laluba shi sau ɗaya a wata wurin wanka, har hammata. Ƙullutun da ba ya ciwo ya fi ban tsoro, kada a tsaya shafe-shafe a kansa. Ki zaunar da ita ku biyu ki tambaye ta a hankali, don iyayenmu kunya kan sa su ɓoye irin wannan har ya yi nisa.

Hajiya Uwani:

Ni abincin zan taɓa. Tsofaffinmu koko da safe, tuwo da dare, naman miya kuma a tura wa jikoki. Mai shekarunta na bukatar abin gina jiki kusan giram ɗaya a kan kowane kilo na nauyinta. Mai kilo 65 ke nan giram 65 zuwa sama a yini, a raba shi sau uku. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, ki ga ke nan sai an haɗa: ƙosai ko alala da safe, wake ko awara da rana, kifi da dare, ƙuli-ƙuli a cikin kwaɗon zogale. In haƙori ne ya hana ta tauna, a yi dambun nama ko farfesu mai laushi, a kuma kai ta likitan haƙori.

Ƙashi na son kalsiyam, kusan miligiram 1,200 a yini bayan ɗaukewar al'ada. Kofi ɗaya na nono ko kindirmo na ba da wajen 300. Kuka, zogale, riɗi da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu duk suna da shi. Fura da nono abinci ne mai kyau, sukarin da ake zubawa ne matsalar. Sai dai kalsiyam ba ya shiga jiki sosai sai da bitamin D, fatarmu kuma ta fi jinkirin haɗa shi daga rana. Macen da ke wuni a ɗaki, in ta fita kuma a lulluɓe, tana iya rasa shi a tsakiyar Kano ko Damagaram duk da zafin ranarmu. Ta riƙa zama a tsakar gida da hantsi, hannuwa da ƙwauri a buɗe, minti 20 zuwa 30.

A hunturu, man kaɗanya nan da nan bayan wanka tun jiki da danshi. Man bilicin a yi nesa da shi: yana sirantar da fata har rauni ya ƙi warkewa, wasu ma na ta da sukari. Kitso kuma a sassauta, gashin goshi in ya tafi da jijiyarsa ba ya dawowa.

Anti Nas:

Na manta da ido. Hawan jinin ido ya fi yawa a baƙar fata, daga gefe yake cin gani ba ciwo, abin da ya ci kuma ya tafi ke nan. Gwajin tabarau a kasuwa ba ya gano shi. Sai an auna ƙarfin ruwan ido an leƙa jijiyar. In kuna kusa, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano. Sau ɗaya a shekara, musamman in akwai wanda ya makance a dangi.

Maman Ihsan:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun gwada kujerar yanzu, sau 8 ta yi. Anti, in aka ɗora ta kan magani, ya za a yi da azumi? Ba ta barin Litinin da Alhamis.

Anti Nas:

Takwas wurin farawa ne, ku bi tsarin Malam Habu. Maganin hawan jini na sau ɗaya a yini yawanci ana mayar da shi lokacin buɗa baki, amma likitanta ne zai tsara, musamman in akwai mai sa fitsari a ciki, don yana iya kawo jiri da rana. In sukari ne, glibenclamide da allurar insulin su ne masu faɗar da shi ƙasa warwas, dole a gyara adadinsu kafin ta ɗauki azumi. In ta ji rawar jiki da gumi a auna sukarin nan take: ƙasa da 70 ko sama da 300, ta karya. Tsakanin magariba da sahur kuma ta sha ruwa kofi shida zuwa takwas a rarrabe, in dai likita bai taƙaita mata ruwa saboda zuciya ko ƙoda ba.