Mutum zai iya sharhin wasan da bai tashi da shi ba?

Ɗan Agege: Salamu alaikum. Ni nake yi wa jama'a sharhin ƙwallo da Hausa a gidan kallon unguwarmu, a rage muryar talabijin in karɓe. Wani gidan rediyo mai shirin Hausa ya ce in zo gwaji, amma sai na riƙa kawo labarin wasannin waje, har da besbol na Amurka. Abin da na sani a kansa kawai, wani na jifa, wani na jira da kulki. In je ko in haƙura?

Baban Idi-Araba: Yaro, je ka. Nemi labarin Jaime Jarrín. Ɗan Ekwado ne, ɗan jaridar rediyo, ya sauka Los Anjalas a 1955 bai san wasan ba. Da ƙungiyar besbol ta Dodgers ta baro Burukilin da ke New York ta koma Los Anjalas a 1958, gidan rediyon da yake aiki, KWKW, ya samu damar watsa wasanninta da Sifananci. Sai ya duƙufa zuwa fili yana koyo, ya fara sharhi a 1959, bai ajiye makirfo ba sai 2022. Kaka 64 ke nan! A shekarun farko ko tafiya da su ba a yi in za a buga a wani gari. Yana ɗakin watsa shiri, sharhin Turanci na shiga kunnensa, shi kuma yana zuba wa mutanensa da harshensu kamar a gabansa ake yi. Da Fernando Valenzuela, ɗan Meziko mai jifa da hagu, ya rikita gari a 1981, shi ne tafintansa gaban 'yan jarida. Baƙo ne yake yi wa baƙi magana a birnin wasu. Ashe ba aikinka ke nan a Ikko ba?

Mai Gwanjo Mile 12: Baba, a yi min afuwa, amma da bambanci. Shi fa akwai dubban masu jin Sifananci da suka tashi da wasan, suna jiran mai faɗa musu. Nan wa ke jira? Ka ce Dodgers a Alaba Rago, a tambaye ka ko sabuwar ƙungiya ce a Ingila.

Baban Idi-Araba: Gaskiyarka, ɗana. Amma ba sharhin kai tsaye aka ce ya yi ba. Kuma ko don koyon sana'a ya saurari masu sharhin besbol ɗin. Wasa 162 kowace ƙungiya ke bugawa a kaka, ga shi wasan ba ya sauri, dole mai sharhi ya iya ba da labari tsakanin jifa da jifa. Vin Scully, wanda ya yi wa Dodgers ɗin sharhin Turanci daga 1950 zuwa 2016, in an yi abin mamaki sai ya yi tsit, ya bar ihun 'yan kallo ya cika rediyo. Yaranmu kuwa ko jifan gefe aka samu sai sun ƙwala ihu.

Ɗan Agege: Baba, wannan da ni kake, na ji. Zan je. Matsalar dai wasanninsu sai tsakar dare a nan, ga layinmu ba a cika barin wuta ba. Wa ya san inda ake ɗora na jiya a kalla da rana?